Har ina za a yarda da kafofin sada zumunta a kan labaran duniya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe rabona da jarida ko labaran talabijin. Duk abin da ke faruwa a duniya a Facebook da X da TikTok da WhatsApp nake ganinsa, sau da yawa ma ina riga mutane ji. Amma yayana ya ce yawancin abin da nake karantawa ƙanzon kurege ne. Tunda kai ka daɗe a aikin jarida, don Allah ka warware mana: waɗannan kafofi sun wadatar? Kuma har ina za a yarda da su?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba su wadatar ba, amma ba zan ce ka bar su ba, domin ni kaina ba na wuni ban leƙa su ba, kuma yau babu ɗakin labarai a duniya da ke aiki ba tare da su ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, babu abin da ya kai su saurin sanar da kai cewa wani abu ya faru. Amma da zarar ka tambaya wa ya aikata, mutum nawa abin ya shafa, me ya jawo shi, kuma me zai biyo baya, to a nan suka fi kowace kafa rauni. Mai bin labarai kuwa waɗannan tambayoyin ne suka fi masa amfani.

Ba kai kaɗai ba ne ka koma can. Rahoton shekara-shekara na Cibiyar Reuters da ke Jami'ar Oxford ya nuna cewa a 2025, a karon farko, Amurkawa masu samun labarai ta kafofin sada zumunta da na bidiyo, kashi 54 cikin ɗari, sun zarce masu samu ta talabijin, kashi 50. Kuma akwai dalili mai ƙarfi da ya sa mutane suka koma, wanda bai kamata yayanka ya raina ba.

Ranar 25 ga Mayun 2020, 'yan sandan birnin Minneapolis a Amurka sun fitar da sanarwa cewa wani mutum ya mutu sakamakon matsalar rashin lafiya lokacin da jami'ansu suke ƙoƙarin kama shi. Babu inda sanarwar ta ambaci gwiwa, babu inda ta ambaci wuya. Da a zamanin da ne, da abin da jaridu za su buga ke nan, a wuce wurin. Amma wata yarinya 'yar shekara 17 tana tsaye a gefen titi riƙe da waya, ta ɗauki yadda ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwarsa sama da minti tara yana cewa ba ya iya numfashi, ta ɗora a Facebook. Wannan bidiyon ne ya karya sanarwar hukuma, ya fito da mutane kan tituna a ƙasashe da dama, kuma yana cikin manyan hujjojin da suka sa kotu ta ɗaure ɗan sandan shekara 22 da rabi a 2021.

Haka aka yi a Kamaru. A tsakiyar 2018 wani bidiyo ya karaɗe intanet yana nuna sojoji sun rufe wa mata biyu da yara biyu fuska sun harbe su. Gwamnati ta ce labarin ƙarya ne, wasu ma suka ce a Mali aka ɗauka. Sai masu bincike na BBC da wasu ƙungiyoyi suka zauna da bidiyon, suka dubi zubin duwatsun da ke bayan mutanen suka daidaita shi da hoton tauraron ɗan'adam har suka gano ƙauyen a yankin Arewa Mai Nisa. Suka auna tsawon inuwar sojojin a ƙasa suka gano an yi kisan tsakanin ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2015. Suka dubi bindigogi da kaki suka gano rundunar. A 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu daga cikinsu shekara goma-goma. Ba don wani ya ɗauka ya saki ba, da waɗannan matan da 'ya'yansu sun tafi ke nan ba mai tambaya.

Akwai kuma wuraren da ɗan jarida daga waje ba ya iya shiga ko kaɗan. Tun Oktoban 2023 Isra'ila ta hana 'yan jaridun ƙasashen waje shiga Gaza da ƙashin kansu, don haka yawancin abin da duniya ta gani daga can 'yan jaridun Falasɗinu da mazauna yankin ne suka ɗauka da wayoyinsu, da dama daga cikinsu kuma sun rasa rayukansu a kan aikin. Kwamitin Kare 'Yan Jarida ya ce tun da ya fara ƙidaya a 1992 bai ga yaƙin da ya ci 'yan jarida kamar wannan ba. A Sudan, da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ta waɗannan kafofi mutanen Khartoum suka riƙa sanar da juna wace hanya ce ke biyuwa, ina ake samun ruwa, wane kantin magani ne a buɗe. A Wuhan kuwa, wani likitan ido mai suna Li Wenliang ne ya gargaɗi abokan karatunsa a manhajar saƙonni ta WeChat ranar 30 ga Disambar 2019 cewa ga wata cuta mai kama da SARS ta ɓulla. 'Yan sanda suka kira shi suka sa ya sa hannu a takarda cewa ya yaɗa ji-ta-ji-ta. Cutar ce ta yi ajalinsa a Fabrairun 2020. Ka lura da wannan da kyau: wani lokaci abin da hukuma ta kira ji-ta-ji-ta shi ne gaskiyar.

To ina matsalar take? Girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairun 2023, wadda ta kashe sama da mutum 50,000, ta nuna fuskokin biyu a lokaci guda. Mutanen da gini ya danne sun riƙa rubuta adireshinsu a Twitter (wato X a yanzu) daga ƙarƙashin ɓaraguzai, kuma an ceto wasu ta haka. A cikin waɗannan sa'o'in kuma wani bidiyo yana ta yawo wai tashar nukiliya ce ta fashe a Turkiyya saboda girgizar. Bidiyon na gaske ne, amma fashewar tashar jiragen ruwa ta Beirut ce ta Agustan 2020, Turkiyya kuwa a lokacin ba ta da tashar nukiliya mai aiki ko ɗaya. Saƙon mai neman ceto da bidiyon bogi suna jere a fuskar waya ɗaya, rubutu iri ɗaya, babu abin da ya bambanta su a ido.

Irin wannan ƙaryar ce mafi yawa a cikin abin da muke tantancewa: tsohon hoto ko bidiyo na gaskiya da aka ɗora masa sabon bayani. Ba ta buƙatar ƙwarewa, kuma tana kama manya. Lokacin gobarar dajin Amazon a 2019, shugaban Faransa Emmanuel Macron ya wallafa hoton da wanda ya ɗauke shi ya mutu tun 2003, Cristiano Ronaldo kuma ya wallafa na wata gobara ta 2013 a kudancin Brazil, nesa da Amazon. Dajin yana ci da wuta da gaske, amma hotunan ba na wannan gobarar ba ne. Sai kuma bidiyon wasannin kwamfuta: an sha yanko yaƙi daga wani wasa mai suna Arma 3 a rage masa haske a ce daga Yukren ko Gaza ne, har kamfanin da ya yi wasan ya fito da kansa yana koya wa mutane yadda za su gane. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo. A Maris ɗin 2022 an saki bidiyon shugaban Yukren Zelensky wai yana umartar sojojinsa su ajiye makamai. Wannan aikin bai yi kyau ba, an gane shi nan take. Amma ranar 22 ga Mayun 2023 wani hoton da na'ura ta haɗa na hayaƙi kusa da ma'aikatar tsaron Amurka ta Pentagon ya sa kasuwar hannayen jari ta ɗan girgiza kafin a ƙaryata. Kakanninmu sun ce gani ya kori ji, amma yau ganin ma sai an tambaye shi daga ina ya fito.

Mutane sukan ɗauka cewa ai idan ƙarya ta fita gaskiya za ta biyo ta ta share. An auna wannan, kuma sakamakon ba mai daɗi ba ne. A 2018 masu bincike uku na jami'ar MIT suka wallafa nazari a mujallar Science bayan sun bi sawun labarai kimanin 126,000 da mutum miliyan uku suka yaɗa a Twitter daga 2006 zuwa 2017. Suka samu cewa yiwuwar a sake tura labarin ƙarya ta fi ta na gaskiya da kashi 70 cikin ɗari, kuma kafin labarin gaskiya ya isa ga mutum 1,500 yakan ɗauki ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka. Abin da ya fi damuna a binciken shi ne, da suka cire asusun da na'ura ke sarrafawa, sakamakon bai canza ba. Mutane ne ke yi, irina da irinka. Dalili kuwa a fili yake: mai ƙarya yana da damar ya tsara labarinsa yadda zai fi ba da mamaki ko tayar da hankali, mai gaskiya kuwa dole ya tsaya inda abin da ya faru ya tsaya.

Sannan ka san cewa waɗannan kamfanoni ba labarai suke sayarwa ba. Talla suke sayarwa, tallar kuma tana tsada ne gwargwadon daɗewar da ka yi kana kallon waya. Don haka tsarin lissafin da ke zaɓar abin da zai fito maka a gaba ba ya tambayar ko abu gaskiya ne ko yana da muhimmanci, abin da yake aunawa shi ne me zai sa ka tsaya, ka yi sharhi, ka tura. Takardun cikin gida na Facebook da wata tsohuwar ma'aikaciyarsu, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya ba alamomin nuna motsin rai, har da ta fushi, nauyin da ya ninka na danna "like" sau biyar wajen yanke shawarar abin da za a ɗaga sama. Daga baya sun rage, bayan ma'aikatansu sun lura cewa rubuce-rubucen da ke tara alamar fushi sun fi ƙunsar ƙarya da cin zarafi. A Twitter kuma, shuɗiyar alamar nan a da tana nufin kamfani ya tabbatar cewa mai asusun shi ne wanda ya ce shi ne. Bayan Elon Musk ya sayi kamfanin a Oktoban 2022 kan dala biliyan 44, sai ta zama abin saya, daga 2023 kuma aka fara biyan masu ita kuɗi gwargwadon yadda rubutunsu ya ja hankali. Ke nan wanda ya riga kowa sakin bidiyo mai firgitarwa yana da riba ko da ƙarya ne. Tun kafin wannan ma, a zaɓen Amurka na 2016, an gano matasa a garin Veles na Masedoniya suna buɗe shafukan labaran bogi kan siyasar Amurka don kawai su samu kuɗin talla. Gwamnatoci ma suna ciki: Facebook ya shaida wa majalisar dokokin Amurka a 2017 cewa rubuce-rubucen wani kamfanin farfaganda da ke birnin Saint Petersburg na Rasha sun iya kaiwa ga mutum miliyan 126. Kuma kada ka ɗauka ɓangare ɗaya ne ke yi. A farkon yaƙin Yukren an yi ta yayata wani matuƙin jirgin yaƙi da aka yi wa laƙabi da fatalwar Kyiv wai ya harbo jiragen Rasha da dama shi kaɗai, daga baya rundunar sojin saman Yukren da kanta ta ce babu wani mutum haka.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'o'in farko bayan aukuwar abu, wato daidai lokacin da kake alfahari ka riga mutane ji. A wannan lokacin hukuma ba ta gama sani ba, 'yan jarida ba su isa wurin ba, mutane kuma suna ƙishirwar bayani, sai duk wanda ya ga dama ya cike gurbin. Ranar 29 ga Yulin 2024 wani ya kashe yara mata uku da wuƙa a garin Southport na Ingila. Doka ta hana 'yan sanda faɗin sunansa nan take saboda shekarunsa 17. Kafin dare wani suna na bogi ya bazu, tare da cewa wai Musulmi ne mai neman mafaka da ya shigo ƙasar ta jirgin ruwa. Washegari aka far wa masallacin garin, tarzoma ta bazu zuwa wasu garuruwa, aka kai hari otel-otel ɗin da masu neman mafaka ke ciki. Da alƙali ya ba da izinin bayyana sunan, sai ga shi haifaffen Cardiff ne. Ɓarnar kuwa an riga an yi ta. A harin gudun fanfalaki na Boston a 2013 ma, masu bincike na sa-kai a dandalin intanet na Reddit sun ɗora laifin a kan wani ɗalibi da ya ɓata, iyalinsa suna cikin baƙin cikin nemansa mutane kuma suna kiransu suna zagi, alhali bai san hawa ba bai san sauka ba.

Duk da haka, idan ka tambaye ni abin da ya fi ƙarya illa ga mai bin labaran duniya ta waya, zan ce maka abin da ba a nuna maka ba ne. Ƙarya ana iya kama ta a ƙaryata, amma labarin da bai taɓa zuwa gabanka ba, ba ka ma san ka rasa shi ba. Yaƙin Sudan ya raba sama da mutum miliyan 10 da gidajensu, Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira shi gudun hijira mafi girma a duniya, amma mutum na iya shafe wata yana latsa waya bai ci karo da shi ba, saboda bai taɓa tsayawa a kan irin labarin ba, tsarin kuwa ya ɗauka ba ya so. Sannan akwai manyan al'amuran da ba su da hoto mai ɗaukar ido: babban bankin Amurka ya ƙara kuɗin ruwa, wata ƙasa ta kasa biyan bashi, an sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci, damina ta gaza a ƙasar da ke fitar da hatsi. Waɗannan su ne ke taɓa rayuwar miliyoyin mutane a ƙasashe masu nisa, amma ba sa shiga bidiyon daƙiƙa talatin. Ko bidiyon gaskiya ma ba ya gaya maka girman abu. Ka ga mota ɗaya tana ci da wuta a wani birni daga kusurwa goma, sai zuciyarka ta ce garin ya ƙone, alhali layi ɗaya ne. Masana halayyar ɗan'adam tun a 1977 suka nuna cewa maimaita magana kaɗai yana sa mutum ya ji ta fi kama da gaskiya. Don haka in ka ga labari a shafi ɗari, ka tambayi kanka ko ganau ɗari ne, ko kuwa mutum ɗaya ne ya faɗa sauran casa'in da tara suka kwafa. Wani nazari na 2016 ya gano cewa kusan kashi 59 cikin ɗari na adireshin labaran da ake turawa a Twitter babu wanda ya taɓa buɗe su, kanun kawai ake gani a tura.

WhatsApp da Telegram nasu ya fi wuya, domin a can babu baƙon da zai zo ya ce wannan ƙarya ce. Saƙo yana zuwa ne daga hannun kawu ko aminin da kake girmamawa, sai amincin da kake ba shi ya koma kan saƙon, alhali shi ma turo masa aka yi. A Indiya tsakanin 2017 da 2018 an kashe fiye da mutum 20 a hannun gungun jama'a saboda ji-ta-ji-tar masu satar yara, ɗaya daga cikin bidiyon da aka riƙa turawa kuwa talla ce ta wayar da kai da aka shirya a Karachi ta Pakistan, aka yanke ƙarshenta. Wannan ne ya sa WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, ya kuma sa alamar kibiya biyu a kan saƙon da ya sha yawo. In ka ga wannan kibiyar, ka san babu wanda ya san asalin saƙon a cikin waɗanda suka miƙo maka shi.

Kada kuma ka zaci kamfanonin suna tace komai. Takardun Haugen sun nuna kashi 87 cikin ɗari na abin da Facebook ke warewa don gano labaran ƙarya yana tafiya ne kan Amurka, sauran duniya ta raba kashi 13. A Myanmar, inda aka yi amfani da shafin wajen hura wutar ƙiyayya ga Musulmin Rohingya kafin sama da 700,000 su tsere Bangladesh a 2017, binciken Reuters ya gano cewa a farkon 2015 mutum biyu kacal masu jin harshen ƙasar ne ke duba ƙorafe-ƙorafe. Kamfanin ya amsa a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba. A Janairun 2025 kuma Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya sanar da daina aiki da ƙwararrun masu bin diddigi a Amurka. Duk wanda ke karatu da harshen da ba Turanci ba ya san cewa mai gadin ƙofar ya fi ƙaranci a ɓangarensa.

Ba ina cewa manyan kafofin yaɗa labarai ma'asumai ba ne. Kafin mamayar Iraƙi a 2003 manyan jaridun Amurka sun yi ta buga cewa ƙasar na da makaman ƙare-dangi, ba a samu ko ɗaya ba, kuma mutane dubbai ɗaruruwa suka mutu a yaƙin. Kowace tashar da gwamnati ke ɗaukar nauyinta, ta Yamma ce ko ta Rasha ko Sin ko ƙasashen Larabawa, tana da inda take tsaye take kallon duniya, da abin da take ɗagawa da wanda take saukewa. Bambancin shi ne waɗannan suna da suna da adireshi, ana iya kai su kotu, kuma suna da mutuncin da suke tsoron zubewarsa. A Mayun 2004 jaridar New York Times ta rubuta wa masu karatunta cewa rahotanninta kan makaman Iraƙi ba su cika sharuɗɗan bincike ba. Ya zo a makare, amma ya zo. Asusun da ba a san mai shi ba idan aka kama shi da ƙarya, gogewa yake yi ya canza suna ya ci gaba.

Don haka tambayar ko a yarda da Facebook ko TikTok ba ta da amsa ɗaya, domin a shafi guda za ka samu wakilin kamfanin dillancin labarai da ke tsaye a fagen daga, ka kuma samu yaron da ke neman mabiya. Malaman hadisi sun daɗe da warware irin wannan: ba su karɓar magana don daɗinta sai sun bi isnadi, wa ya ji daga wa, har a kai ga wanda ya gani da idonsa, kuma kowane mutum a silsilar sai an san halinsa. Aikin tantance labari ke nan, babu ragi babu ƙari.

Ga yadda nake yi idan bidiyo ya iso hannuna. Kafin in kalle shi sau biyu, nakan buɗe asusun da ya wallafa: yaushe aka buɗe shi, me yake wallafawa a watannin baya, yana wurin da abin ya faru ko yana wata nahiya? Asusun da jiya yake tallar kaya yau ya zama masanin yaƙi ba majiya ba ne. Sai in tsayar da bidiyon in ɗauki hoton fuskar waya in saka a Google Lens ko TinEye, manhajojin neman asalin hoto, sau da yawa a cikin minti ɗaya za ka ga hoton ya fito a wani labari na shekarun baya. In bai fito ba, sai in duba ƙananan abubuwa: rubutun allunan kan titi da wane harshe ne, lambar mota ta wace ƙasa ce, ta wane hannu ake tuƙi, mutane na sanye da rigunan sanyi alhali an ce lokacin zafi ne? Sannan in bar shafin gaba ɗaya in nemi labarin a wani wuri. Wannan matakin na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada ƙwararrun masu bin diddigi da malaman tarihi da ɗalibai a 2017, suka ga malaman da ɗaliban sukan tsaya suna nazarin shafin da kansa, kyan tsarinsa ya ruɗe su, ƙwararrun kuwa nan take suke fita su duba me wasu ke cewa game da shi, kuma su ne suka fi saurin gano gaskiya. Idan an ce shugaban wata ƙasa ya mutu ko an yi juyin mulki, minti talatin ya wuce babu ko ɗaya cikin Reuters da AP da AFP da Al Jazeera da BBC da ya ambata, to ka dakata.

Sauran gyaran a wayarka yake. Ka daina barin shafin "don kai" ya zaɓa maka. Ka tara jerin mutanen da ka sani da sunansu da aikinsu: wakilan da ke zaune a ƙasashen da kake bibiya, 'yan jaridun ƙasar kanta, masana da suka shafe shekaru a kan yanki ɗaya, da shafukan bin diddigi irin su AFP Fact Check da Africa Check. Alamar wanda za ka riƙe ita ce yana faɗin inda ya samo labari, yana iya cewa ba a tabbatar ba tukuna, kuma idan ya yi kuskure yana barin gyaran a fili. Ka haɗa da kafofin da ba sa ga-maciji da juna, domin abin da abokan gaba biyu suka haɗu a kai yawanci ya tabbata, inda suka saɓa kuma nan ne za ka san akwai sauran bincike. Sannan ko sau ɗaya a rana ka saurari ko ka karanta cikakken jerin labaran duniya wanda edita ya tsara, ba don ya fi ka hankali ba, sai don zai sa maka abin da ba ka nema ba. Wannan yana da wani amfanin kuma: ranar da aka fi buƙatar labari ita ce ranar da gwamnatoci ke toshe intanet. Masar ta yi haka kwana biyar a 2011, yankin Tigray na Habasha ya shafe kusan shekara biyu a rufe daga Nuwamban 2020, shi ya sa har yanzu ake komawa ga rediyo a lokacin yaƙi, kamar yadda BBC ta buɗe shirye-shiryen gaggawa don Yukren a 2022, da Sudan da Gaza a 2023.

Ga yayanka kuma ina da saƙo. Cewa komai ƙarya ne shi ma tarko ne, kuma masu laifi suna son a faɗa cikinsa. Tun da aka san ana iya haɗa bidiyo da na'ura, duk wanda aka kama dumu-dumu sai ya ce haɗawa aka yi, kamar yadda aka fara cewa game da bidiyon Kamaru. Wanda ya ƙi yarda da komai da wanda ya yarda da komai, dukansu sun huta da wahalar bincike ne kawai.

Abu na ƙarshe ya shafi hannunka. Duk labarin da ka ji ya tafasa maka zuciya nan take, musamman wanda ya ambaci sunan mutum ko addini ko ƙabilar wanda ake zargi, ka bar shi ya kwana kafin ka tura. In kuma ka riga ka tura sannan ka gano ba haka ba ne, WhatsApp yana ba da kimanin kwana biyu a goge saƙo daga wayar kowa. Ka goge, sannan ka rubuta gyaran a wannan zauren da ka tura, tare da adireshin inda aka ƙaryata shi, domin waɗanda suka karɓa daga hannunka su ma su miƙa gyaran ga waɗanda suka tura wa.